Waken Da Ke Ceton Rai Ya Ɗaure Ƙafafu

Karatun darasi: 2 Sarakuna 4:38-44, 2 Sama'ila 9

Sa'ad da annabi Elisha ya koma Gilgal, ya tarar ana yunwa a ƙasar. Ƙungiyar annabawan da ke zaune a gabansa ba su da abin sa wa a baki, sai ya umarci baransa ya ɗora babbar tukunya. Ɗaya daga cikinsu ya fita jeji neman ganye, ya ci karo da wata yaɗuwa mai 'ya'ya, ya tsinko cike da rigarsa, ya zo ya yayyanka a cikin faten, alhali ba wanda ya san ko mene ne. Da aka zuba aka fara ci, sai ihu ya tashi, gama sun gane guba suke ci. Elisha ya ce a kawo gari, ya barbaɗa a tukunyar, aka sāke zuba wa mutane, ba wanda ya cutu.

Mutumin da ya tsinko 'ya'yan nan ba mugu ba ne. Yunwa ce ta kai hannunsa ga abin da ba zai kalla ba a shekarar ƙoshi. Darasin wannan fitowa yana kan wata tukunya irin wannan, wadda aka sha ɗorawa a ƙasashen Habasha, Indiya, Bangaladash da Sifen. Bambancinta da ta Gilgal shi ne, masu ɗora ta sun san abin da ke ciki sarai, amma duk da haka suna ci.

Waken da fari ba ya kashewa

Akwai wani wake da masana tsirrai ke kira Lathyrus sativus. A harshen Amhara na Habasha sunansa gwaya, a Indiya da Bangaladash khesari, a Sifen kuwa almorta. Ba a noma shi a Nijeriya, saboda haka ba shi da suna a Hausa, kada kuma wani ya ɗauka waken gida ne na alale da ƙosai, ko gujjiya, ko waken suya. Ba shi da haɗi da su sai na dangi. Tsiro ne mai siririn ganye kamar ciyawa, furensa galibi shuɗi, ƙwayarsa kuma mai kusurwa ce kamar tsakuwa.

Duk manomin da ya gan shi zai so shi. Yana jure fari, yana kuma jure kwanciyar ruwa. A tsaunukan Habasha akan watsa shi ne a ƙarshen damina a kan baƙar ƙasa mai laka, ya rayu da 'yar damshin da ta rage, ba taki, ba wani noma mai wahala. Yana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar sauran dangin wake, harawarsa abincin dabbobi ce, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa kuma sinadarin gina jiki ne. Yana da daɗin ci. A shekarar da alkama da sha'ir da tef suka ƙone a gona, sau da yawa shi kaɗai ne ke tsaye kore shar.

To, a nan matsalar take. A cikin ƙwayar akwai wani dafi da ake kira ODAP, wanda masu bincike a Indiya suka ware suka gane a 1964. Idan ana cin waken jefi-jefi, tare da hatsi da sauran abinci, jiki yana iya da shi, miliyoyin mutane kuma sun ci shi duk rayuwarsu ba abin da ya same su. Amma idan ya zama shi ne babban abincin gida, wato kamar sulusin abin da ake ci ko fiye, har wata biyu ko uku a jere, sai dafin ya fara kashe ƙwayoyin jijiyar da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa, su bi ta laka zuwa ƙafafu. Abin takaici kuma, fari yana ƙara yawan dafin a cikin ƙwayar. Wato a daidai shekarar da aka fi dogara gare shi, a shekarar ya fi cutarwa.

Yadda cutar take

Wani likitan Italiya mai suna Arnaldo Cantani ne ya raɗa mata suna latirizim a 1873, daga sunan tsiron. Takan fara da nauyin ƙafa, da murɗewar ƙwauri, da rawar jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Wani yakan kwanta lafiya ya wayi gari ya kasa tashi. Wani yana kan hanyar dawowa daga gona sai ƙafa ta ƙi. Bayan haka ƙafafun sukan sandare, gwiwoyi su riƙa gugar juna, mutum ya riƙa tafiya a kan yatsu, ƙafa ɗaya tana gicciye ɗaya kamar almakashi.

Wannan ba shan inna ba ce. A shan inna ƙafa takan saki ta yi laƙwas ta ƙanjame; a nan ƙafa tauri take yi. Ba a ɗaukar cutar daga wani, ba a kuma gadonta. Hankali yana nan garau, hannuwa galibi lafiya, in an taɓa ƙafar mai ita yana ji. Likitocin Indiya sun kasa ta mataki huɗu, kuma sunayen matakan sun isa bayani: wanda ke tafiya ba sanda, mai sanda ɗaya, mai sanda biyu, sai mai rarrafe. Idan aka daina cin waken cutar takan tsaya inda ta kai, amma ba ta komawa baya. Jijiyar da ta mutu ta mutu ke nan, har yau kuwa ba maganin da ke tashe ta.

Ba kowa take kamawa ba. Ko a lokacin annoba kaɗan ne daga cikin masu ci suke shanyewa. Sai dai waɗanda ta fi zaɓa su ne samari da yara maza, masu aikin ƙarfi, waɗanda suka fi ci domin su ne suka fi gajiya. Gidan da ya ci waken don ya tsira daga yunwar bana, sai ya wayi gari ba mai riƙe garma baɗi.

Tarihin da ke maimaita kansa

An daɗe da sanin wannan. Tun a 1671 mai mulkin Wutembag a ƙasar Jamus ya hana yin burodi da garin waken. Wani jami'in Ingila a Indiya, William Sleeman, ya rubuta yadda amfanin gona ya lalace shekaru uku a jere daga 1829 a wasu ƙauyukan tsakiyar ƙasar, mutane suka koma ga khesari, zuwa 1833 kuma matasa da yawa suka shanye daga ƙugu zuwa ƙasa. A lokacin yunwar birnin Madrid ta 1811 zuwa 1812, mai zane Francisco Goya ya zana mayunwata suna karɓar faten wannan wake, wata mace tana kwance a ƙasa, ya kuma sa wa zanen sunan godiya ga waken. Bayan yaƙin basasar Sifen ya ƙare a 1939, cutar ta sāke ɓulla a tsakanin matalauta a farkon shekarun 1940.

Akwai wurare biyu da ya kamata a ɗan tsaya a kansu, domin a can ba fari kaɗai ne ya ɗora tukunyar ba, da hannun mutum a ciki. Na fari shi ne yankin Rewa a tsakiyar Indiya, inda masu manyan gonaki suka daɗe suna biyan 'yan ƙwadago da khesari maimakon kuɗi ko alkama. Wanda aka biya da wake, wake zai ci, shi da iyalinsa. Gwamnatin Indiya ta hana sayar da shi a 1961, amma dokar ba ta hana shuka shi ba, ba ta kuma sa wani hatsi a tukunyar ɗan ƙwadago ba.

Na biyu shi ne sansanin Bafniyarka, a yankin da ke cikin Yukiren yanzu, wanda hukumomin Romaniya suka riƙe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Satumba na 1942 aka kai Yahudawa kimanin 1,200 can. Abincinsu na kullum shi ne gram 400 na wannan wake, wanda asali an tanada shi ne don dawakai, da ɗan burodin sha'ir mai haɗe da ƙaiƙayi. Kafin ƙarshen shekarar aka fara ganin masu jan ƙafa, zuwa Janairun 1943 ɗaruruwa sun kamu. A cikin fursunonin akwai likita, Arthur Kessler, wanda ya gane abin da ke faruwa, ya riƙa rubuta shi dalla-dalla. Fursunonin suka ƙi cin abincin baki ɗaya har aka daina ba su. Daga nan ba a ƙara samun sabon kamu ba, amma waɗanda suka riga suka shanye sun tafi da sandunansu har ƙarshen rayuwa. Da wuya a sami hujjar da ta fi wannan bayyana: da aka canja abinci, annoba ta tsaya cak.

Habasha

A nahiyar Afirka, Habasha ce ta fi shan wannan wahala. Bayan fari da ambaliya sun lalata amfanin gona a yankunan Dembiya da Fogera, kusa da Tafkin Tana, annobar 1976 zuwa 1977 ta gurgunta mutane sama da dubu. A 1997 kuma, bayan wani farin, ta ɓarke a lardin Wollo da ke arewa maso gabas, inda aka ƙirga kimanin mutum 2,000 a gunduma ɗaya cikin shekara guda.

Mutanen waɗannan wurare ba baƙin waken ba ne. A Tigrai ana kiransa sebere, kalmar da ta fito daga tushen da ke nufin karyawa. Akwai camfe-camfe a kansa, kamar cewa tururin dahuwarsa ne ke shanye ƙafa, ko haɗa shi da madara, amma ba wanda ke musun cewa daga gare shi cutar take. Uwar da ke dafa shi safe da yamma ta ga ɗan maƙwabta yana jan ƙafa. Tana dafawa ne domin ɗaya zaɓin shi ne ta kwantar da yara da yunwa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Saboda haka duk mai cewa jahilci ne ke kawo wannan cuta bai yi wa waɗannan mata adalci ba.

Yawancin manoman tsaunukan nan Kiristoci ne na tsohuwar ikkilisiyar Otodoks ta Habasha, masu azumin Laraba da Jumma'a da kuma dogon azumi na kwana 55 kafin Ista, inda ba a cin nama ko madara ko ƙwai. A kwanakin nan miyar garin wake, wadda suke kira shiro, ita ce mahaɗin injera, wato faffaɗar wainar tef. Ba azumin ne ke kawo cutar ba, gama a shekarun wadata ana yinsa lafiya lau. Abin lura shi ne yadda ake cin shiro: 'yar miya ce a kan hatsi mai yawa.

Wannan shi ne abin da wani likitan ƙasar, Haileyesus Getahun, da abokan aikinsa suka tabbatar sa'ad da suka bi gida-gida bayan annobar Wollo. Sun tarar haɗarin ya fi yawa ga masu cin waken ɗanye daga gona, ko gasasshe, ko dafaffe tsurarsa, irin cin da yara makiyaya da samari ke yi. Gidajen da suka jiƙa shi kafin dahuwa, da waɗanda suka gauraya garinsa da hatsi har hatsin ya kai sulusi, sun fi tsira. A rahoton da suka buga a 2003 sun nuna cewa hatsin agaji da ya isa gida yana rage kamuwa. Dalili ɗaya a fili yake: hatsi yana rage yawan waken da ke shiga ciki. Na biyu shi ne, waken yana da ƙarancin wasu sinadaran gina jiki masu ɗauke da farar wuta, waɗanda hatsi ke da su, masana da yawa kuma suna ganin su ne ke taimaka wa jijiya ta kare kanta.

Mai karatu zai tuna da garin da aka zuba a tukunyar Gilgal. A yi hattara a nan. Abin da ya faru ta hannun Elisha al'ajibi ne na Ubangiji, ba dabarar girki ba, kada kuwa wani ya ɗauka barbaɗa gari yana kashe kowace guba. Amma ayoyin da ke biye suna da abin koyo da ba ya bukatar annabi. Wani mutum daga Ba'al-shalisha ya ɗauko gurasar sha'ir ashirin da sabon hatsi daga nunan farinsa, ya kawo wa masu yunwa, Allah kuma ya sa ya ƙosar da mutum ɗari. Ba a faɗi sunan mutumin ba. Shi dai yana da hatsi a lokacin da wasu ke tsinkar 'ya'yan jeji, bai kuwa jira yunwa ta wuce ba kafin ya kawo. A Wollo ma lokaci shi ne komai: buhun da ya iso a wata na fari yana ceton ƙafa, wanda ya iso a wata na huɗu ciki kawai zai cika.

Jiƙawa tana taimako domin dafin yana narkewa a ruwa. A jiƙa, a tsiyaye, a zubar da ruwan. Sai dai a shekarar fari ruwan ma sai an yi tafiyar sa'o'i, itacen wuta kuma ya yi wuya, shi ya sa shawara mai sauƙi a takarda takan yi nauyi a ƙauye. Masu binciken noma sun bi ta wata hanyar, suka fitar da iri mai ƙarancin dafi. Habasha ta fitar da wanda ake kira Wasie a 2005, Indiya kuma tana da irin su Ratan da Prateek. Hana waken gaba ɗaya bai taɓa yin aiki ba, ba kuma zai yi ba, gama ba a raba mai yunwa da abin da ya rage masa a gona.

'Yar'uwarta da ke cikin rogo

Iyalan da ke Nijeriya ba za su haɗu da gwaya a kasuwa ba, amma suna da abin da ya yi kama da shi ƙwarai. Rogo ma yana jure fari, yana tsayawa sa'ad da hatsi ya fāɗi, Nijeriya kuwa ta fi kowace ƙasa noma shi. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid. Idan aka gajarta sarrafa shi, aka kuma ci shi tsurarsa mako bayan mako ba wake, ba kifi, ba gyaɗa, yakan kawo wata cuta mai suna konzo, wadda a harshen Yaka na Kwango take nufin ɗaurarrun ƙafafu. Likita zai sha wuya ya bambanta mai konzo da mai latirizim ta wurin kallon tafiyarsu kawai. Wani likitan Italiya, Giovanni Trolli, ya ba da rahotonta daga Kwango a 1938. A farin 1981 ta kama mutum sama da 1,000 a lardin Nampula na Mozambik, an kuma same ta a Tanzaniya, da Afirka ta Tsakiya, da gabashin Kamaru. Ita ta fi kama yara da mata masu goyo. A kudu maso yammacin Nijeriya kuma, Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi bincike tun shekarun 1960 a kan wata cutar jijiya dabam, mai kawo tangaɗi da raunin gani da na ji, a tsakanin masu dogara ga rogo shekara da shekaru.

Kakanni sun san maganin abin, shi ya sa ba sa gaggawa da rogo. A fere shi, a jiƙa kwana uku zuwa huɗu har ya yi laushi, a zubar da ruwan, a shanya ya bushe sarai. In garin kwaki ne, a gurza, a bar shi ya yi tsami a buhu kwanakin da suka kamata, a matse, a soya sosai. Garin da ake shakkarsa ana iya kwaɓa shi da ruwa, a shimfiɗa shi siriri a faranti, a bar shi sa'o'i biyar a inuwa ko biyu a rana kafin a tuƙa. An gwada wannan a ƙauyukan Kwango ya kuwa hana sabon kamu. Haɗari yana shigowa ne sa'ad da yunwa ko gudun hijira ko son kai kaya kasuwa da wuri suka mai da kwana huɗu kwana ɗaya. Zumuntar mata da dattawan da ke kula da gwauraye da 'yan gudun hijira za su yi kyau su riƙa tambaya, ba ko an ci abinci kaɗai ba, amma me aka ci, tun yaushe kuma ake cin abu ɗaya. Yaron da ƙafarsa ta fara rawa ko tauri a irin wannan gida, a canja masa abinci a ranar, a kai shi asibiti, kada a ɓata makonni ana neman wanda ya yi masa sammu.

Waɗanda suka riga suka shanye

Cutar ba ta cika kashewa ba. Yaron da ta kama yana ɗan shekara 15 a Dembiya a 1977, in yana da rai, ya haura 60 da sandunansa. Motsa gaɓoɓi a hannun ma'aikatan asibiti, da sandar dogarawa mai kyau, da magungunan sassauta tauri suna rage wahala. Amma babbar hasararsa ita ce gona, da makaranta mai nisa, da aure, da kuma kallon da ake yi masa kamar wanda ya yi wani zunubi.

Karatu na biyu yana magana a kan irin wannan mutum. Mefiboshet ɗan Jonatan yana ɗan shekara biyar aka gudu da shi saboda labarin yaƙi, ya fāɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. Shekaru suka wuce yana zaune a gidan wani a Lodebar, har Dawuda ya tambaya ko akwai wanda ya rage daga gidan Saul. Abin da sarkin ya yi ya wuce sadaka. Ya mayar masa da dukan gonakin kakansa, ya sa Ziba da 'ya'yansa da barorinsa su noma masa su, su kawo amfanin, ya kuma ba shi wurin zama a teburinsa tare da 'ya'yan sarki. Ba a warkar da shi ba. Surar ta ƙare ne yana zaune a Urushalima, yana da gona da ɗa mai suna Mika, yana ci tare da sarki kullum, ƙafafunsa kuwa suna yadda suke.